Rantsuwar Karan Ɗori

A shekara ta tara ta sarautar Sarki Mayau, mai Birnin Jantudu, aka yi yaƙin Mashigin Baure. Duk wanda ya riƙe garkuwa a ranar nan ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na saura, ni Tunau ɗan Jatau, wanda makaɗa ke yi wa kirari da Bango Ya Ƙi Gatari. Ban san baƙi ba, ban taɓa zama gaban allo ba. Na sa an kira mini mai alƙalami ne don na gaji da abin da nake ji a bakin maroƙa. Sun kwashe labarin nan kaf sun ɗora wa mutum ɗaya, sai ka ce shi kaɗai aka haifa a zamanin. To ga yadda aka yi.

Mu da mutanen Gazargo gulbi ne ya raba mu, a kan mashiginsa kuma muke faɗa tun kakanni. Ran nan ni ke gaban dakaru. Kafin rana ta take na kayar da mutum goma sha ɗaya, ban da wani da na hankaɗa ruwa ya tafi da shi. Wannan na ruwan ashe shi ne maɗorin Gazargo, mai gyara musu karaya, kuma shi kaɗai gare su. Ban sani ba sai daga baya. Da mahayanmu sun kawo mana ɗauki da wuri, da a fadar Gazargo muka sha ruwan la'asar. Ba su kawo ba. Aka zagaye mu cikin yashi, Jarmai, shugaban dakarunmu, ya faɗi, takobina ya karye, sai da mutum shida suka hau ni kafin a iya ɗaure ni. Shida, a rubuta shi da kyau.

Mu ɗari da arba'in aka kora zuwa Gazargo. Suka zuba mu a wata tsohuwar marina bayan kasuwa, inda ramukan baba suka bushe, suka sa mana mari biyu-biyu. Wanda aka haɗa ƙafata da tasa shi ne Nomau.

Nomau maɗori ne, ɗan siriri, tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Bai taɓa jefa mashi ba. Bayan runduna yake bi da damin kara da tsummoki. An kama shi ne a durƙushe yana ɗaure wa wani cinya, ko gudu bai yi ba. Mutane sun ce jarumta ce. Ni na ce bai ɗaga kai ya ga abin da ke tahowa ba ne.

Kwana huɗu marinar nan ta fara wari. Raunuka suka ruɓe, ƙuda ya yi mana rumfa. Nomau ya dinga roƙon masu gadi ruwan zafi da gishiri da bagaruwa har suka gaji suka kawo. Ya wanke gyambo, ya tsince tsutsa da tsinke, wanda muƙamuƙinsa ya karye ya dama masa kunu ya ɗura masa da kara. Duk wannan gaskiya ne, ban hana shi ba. Amma ƙarfe ɗaya ne a ƙafarmu. Duk inda ya durƙusa ina nan. Wa ya ɗauki tulu? Wa ya juya ƙattin da ba sa iya juyawa? In za a ja ƙashi ya koma mazauninsa, wa ke danne mutum har ya daina shure-shure? Maroƙa ba su taɓa tambaya ba.

Ana nan sai ga Ƙauran Gazargo, shugaban yaƙinsu, ya shigo marina yana toshe hanci da hannun riga. Ya ce, “Wane ne mai ɗorin a cikinku?”

Nomau ya ce, “Ga ni, ranka ya daɗe.”

“Mutanena na kwance da karaya tun ranar Baure, ba mai taɓa su. Za ka ɗora su, a ƙara muku hatsi.”

Nomau ya ce, “Ba hatsi muke so ba. Duk mutum ɗaya naku da ya miƙe da ƙafarsa, ɗaya namu ya ƙetare gulbi ya tafi gida.”

Wannan dabara ni na fara yin ta a zuci, bakinsa ne ya riga nawa. Ƙaura ya kai wa sarkinsu, sarki ya yarda, aka yi alkawari gaban jama'a.

Tun daga ranar, kullum hantsi a kai mu wani zaure inda aka jera karyayyunsu. Nomau kuma shi ke zaɓen wanda zai tafi gida. Ya fara da marasa lafiya, sannan tsofaffi, sannan masu 'ya'ya ƙanana. Da aka yi wata uku na ce masa, “Kai ɗan tsurut, yaushe nawa zai zo? Ka san wanda kake ja a ƙafa kuwa?”

Ya ce, “Na sani mana, ƙafata ma ta sani. Kai ne ƙarshe, Tunau.”

“Ni ne ƙarshe?”

“In ka tafi wa zai danne mini su? Miƙo mini tsumman can.”

Na miƙa masa. Da ba don marin nan ba, da sai an nemo masa nasa maɗorin.

Yanzu ga abin da ya kamata a ji da kyau. Mutanen Gazargo suna da wata al'ada. In an gama ɗaure wa mutum karan ɗori, sai ya ɗora tafinsa a kai ya yi rantsuwa da yarensu. Ni kuwa ina kwance a ƙirjinsa, bakinsa na daidai kunnena. Wata bakwai ina jin magana ɗaya, ko kurma ne ya haddace. Ma'anarta ita ce, wannan gaɓa ba za ta tashi a kan wanda ya ɗora ta ba, ko a kan garin da yake shan ruwa, muddin maɗorin yana numfashi, in kuwa ta tashi to ta koma yadda ya same ta. In ya warke sai ya yanki ɗan guntun karan ya rataya a wuya. Sun yarda da rantsuwar nan fiye da yadda suka yarda da sarkinsu. Sarkin bai damu ba, don a ganinsa Nomau ruwan Gazargo yake sha, da ƙarfe a ƙafa.

Mutum ɗari da goma sha tara muka miƙar, namu ɗari da goma sha tara suka koma gida, sauran ƙasar marina ta ci su. Ya rage ni da shi. Sai Allah ya sa doki ya kayar da Ƙaura kansa, cinya ta rabu biyu. Ni na danne shi, kuma sai da na hau shi da gwiwa. Ya yi rantsuwar kamar kowa. Ranar da ya taka ƙasa ya sa maƙeri ya sare mana mari, ya raka mu har bakin gulbi. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin ruwan da Nomau zai koma sha.

Ranar da muka shiga Jantudu mutanen da suka riga mu dawowa suka tare hanya da matansu da 'ya'yansu. Aka ɗaga Nomau sama. Jarirai uku aka nuna masa masu sunansa. Ni ina biye, ni da na kayar da goma sha ɗaya, sai wata tsohuwa ta ja mini riga ta ce, “Bawan Allah, kai ne mai ɗaukar masa kaya? Allah ya yi maka albarka kai ma.” Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Sarautar Jarmai kuwa tana nan ba kowa tun ranar Baure. Kowa ya san tawa ce. Sai na fara jin raɗe-raɗi wai Sarki zai yi wa Nomau alkyabba, ya ba shi wurin zama a fada gaba da shugaban dakaru.

Ba a yi wata biyu ba sai ga manzo daga Gazargo. Ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya buɗe wata riga mai aska takwas, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, “Sarkin Gazargo ya ce a kai wa amininsa Nomau, wanda ya mayar masa da rundunarsa bayan ta karye. Ya ce abin da ke tsakaninsu yana nan, bai manta ba.”

Aka fitar da manzo zuwa masauki, Sarki ya sa aka kira majalisa, aka zo da Nomau.

Galadima Anaruwa ya fara magana. Ɗansa na fari a Baure ya mutu. Ya ce, “Zaki, Allah ya ja zamaninka. Mun zubar da jinin 'ya'yanmu a yashi don mu karya Gazargo, mun kuwa karya ta. Mutumin nan ya bi bayanmu yana ɗinke abin da muka yaga. Kowane hannu da ya ɗora mashi ne da zai dawo ƙirjin wani a cikinmu. Yau ga tukuicinsa ya biyo shi har gabanka. Me ke tsakaninsa da Sarkin Gazargo da ba a manta ba? In ka bar shi da rai, ka bar musu ƙofa a cikin birninka.”

Madawaki Shekarau ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a duba da kyau. Gidaje ɗari da goma sha tara suna da maza yau saboda shi. Abokin gaba kuma ba ya aiko da riga don ƙauna. Ni ban ga dalilin da zai tona asirin mutuminsa a bainar jama'a ba, in da gaske nasa ne.”

Galadima ya ce, “Madawaki ya iya kare wanda bai yi yaƙi ba. Ai ranar Baure ma a kan idonmu ya makara da mahayansa.”

Sarki ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, “Nomau, me ka ce?”

Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, na ɗora su, ban musa ba. Ƙashi in ya karye ba ya faɗa mini garinsu. Amma hannuwan nan ba za su dawo kanmu ba.” Sai ya ba da labarin rantsuwar tiryan-tiryan.

Galadima ya yi dariya. “Wato birninmu da ganuwarsa da dakarunsa, ɗan guntun kara ne ke tsaronsa. Wa ya ji wannan rantsuwa ban da kai?”

“Sauran suna marina, ba su gani ba. Tunau ne kaɗai ke wurin.”

A Jantudu, wanda ya yi ƙarya gaban majalisa harshensa ake cirewa, kowa ya san haka. Sarki ya dube ni ya ce, “Bango, ka ji abin da ya ce. Haka ne?”

Na dubi Nomau. Na tuna jariran nan uku, na tuna tsohuwar nan. Na ga in na ce haka ne, gobe sai a ce shi ne ganuwar gari, mu masu garkuwa ado ne. Na ce, “Allah ya taimaki Sarki, suna dai yin gunaguni in zafi ya kama su. Ni ban san yarensu ba.”

Nomau ya dube ni yadda yake duban ƙafar da ta kumbura, yana neman inda ta karye.

Sarki ya yanke hukunci, ranar kasuwa, jibi, Hauni, mai zartar da hukuncin kisa, zai sare shi a bakin ƙofar gabas. Ana fitar da shi sai Sarkin Tambari ya shigo a firgice, ya ce fatar babban tambarin yaƙi ta tsage da kanta, ba wanda ya taɓa shi. Galadima ya ce alama ce ta cin amana da aka tona. Madawaki ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin tambari ya tsage don murna ba.

Kada wani ya ce na so a kashe shi. Na zaci kora za a yi masa, ya tafi can wani ƙauye ya yi ta ɗora awaki.

Washegari da hantsi na bi ta gindin tsamiyar masauki, sai na ga manzon nan zaune ya rungume hannunsa na hagu. Da na matso na gane shi. Garje sunansa, damtsensa ne ya karye, ya taɓa cizona a kafaɗa.

Na ce, “Mai haƙoran kura, ba ka tafi ba?”

Ya ce, “Mai nauyin jaki, har yau haƙarƙarina bai manta da kai ba. Zauna, don Allah.”

Na zauna. Sai na ga gumi na zubo masa, ga guntun kara a wuyansa.

Ya ce, “An ce mini kyautar godiya zan kawo. An ce kuma kada in dawo sai na ga abin da za a yi da shi. Jiya na gane. Da wannan hannun na ɗauko rigar, tun jiya kuma yake mini zugi daidai inda aka ɗora.”

“Me sarkinku ke nema da ran maɗori?”

“Kai ma ka sani, a kunnenka muka yi ta faɗa. Sarki ya buga tambari a ƙetaro muku kafin gulbi ya cika. Runduna ta taru a Baure, sai Ƙaura ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka ƙasar da Nomau ke shan ruwa ba. Duk mai kara a wuya ya ce haka, su ne kuwa manyan mayaƙanmu. Mu ba mu da ikon taɓa shi. Amma in ku kuka kashe shi da hannunku, rantsuwa ta warware. Ranar da kansa ya faɗi, kwana biyu tsakani kuna da baƙi.” Ya kama mini hannu. “Ka faɗa musu. In ya mutu ta dalilina hannun nan ba zai kai ni gida ba.”

Na tashi na bar shi. Na zaga bayan ganuwa sau biyu ina tunani. Ba zan ce tausayi ne ya kama ni ba, ba a san ni da shi ba. Na dai ga cewa in birni ya ci wuta ba Jarmai ba dakaru. Na kuma ga cewa mutumin da ya tono makircin da ya wuce kan Galadima da Madawaki, ba mai hana shi sarauta.

Ranar kasuwa da sassafe, Hauni na wasa takobi, na tsaya ƙofar fada na yi kirari har sai da Sarki ya ce a shigo da ni. Majalisa ta zauna, aka kawo Nomau a ɗaure.

Na ce, “Zaki, shekaranjiya na ce ban san yaren Gazargo ba. Ban kwanta a kan haka ba, na je na matse wanda ya san shi.” Na zayyana musu komai, rundunar da ke Baure, da Ƙaura, da dalilin rigar. Aka kawo Garje, ya nuna karan wuyansa, ya maimaita rantsuwar da yarensu da namu, aka mayar da shi masauki.

Galadima ya cire rawaninsa ya ajiye gaban Sarki ya ce, “Baƙin cikin ɗana ya rufe mini ido, saura kaɗan in buɗe musu ƙofa da hannuna. A yi mini hukunci.” Sarki ya ce ya mayar da rawaninsa. Galadima ya tashi da kansa ya kwance Nomau.

Ina tsaye ina jiran a juyo kaina. Sai Madawaki ya ce, “Ashe muna da ganuwa biyu ba mu sani ba, ta ƙasa da ta mutum.” Sankira, maroƙin fada, ya karɓe, yana ta zuba wa Nomau kirari, garkuwar Jantudu, mai ɗaure maza da kara. Fadawa suka ɗauka. Ni da na kawo maganar, ko kallona ba a yi ba.

Jini ya hau mini ka. Na ji bakina ya buɗe.

Na ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, akwai saura. Manzon nan rabi ya faɗa, don kada mu san ƙarfinmu. Rantsuwar nan mutum biyu ake yi wa, wanda ya ɗora da wanda ya danne. Hannu ɗaya a kan kara, ɗaya riƙe da damtsena. Muddin Tunau na numfashi, su ma ba su da hannu.”

Sarki ya juya ya ce, “Nomau, kai ne ɗaya shaidar. Haka ne?”

A nan na ji harshena ya yi nauyi a bakina, na tuna hukuncin ƙarya, ga Hauni kuwa a bakin ƙofa da takobi wasasshe ba aikin yi. Kalma ɗaya ta ishi Nomau ya rama abin da na yi masa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ina can wajen ƙafa. Abin da na gani dai, ba wanda ya rantse ba yana riƙe da Tunau ba.”

Sarki Mayau ya ce, “Ku saurara, ku manyan Jantudu. Abin da ke tsare gari ba a kai shi inda kibiya ke sauka. Daga yau Nomau da Tunau amanar birni ce. A gina musu gida ɗaya a cikin fada, a ci da su daga tukunyata, a sa dogarai a ƙofarsu. Kada ɗayansu ya sake fita bayan ganuwa, kada ya riƙe abin da ke da kaifi. Shamaki, karɓi takobin Bango da garkuwarsa. Kosau zai ja dakaru.”

Kosau. Mutumin da ni na koya wa yadda ake riƙe garkuwa kada ta buge masa haƙora.

Na faɗi na ce, “Zaki, a bar ni in yi wannan yaƙin kaɗai.”

Ya ce, “In ka faɗi a Baure, hannu ɗari da ashirin ka kwance musu. Kai da bakinka ka faɗa.”

Aka sallami Garje ya kai labari cewa maɗori na nan da ransa. Sarkin Gazargo ya ƙi ya bari maganar ta kai kunnen runduna, ya sa aka yi shela cewa Jantudu ta sare Nomau ranar kasuwa. Suka ƙetaro. Kwana na uku da hantsi suka cika filin ƙofar gabas, Ƙaura a gaba, masu kara a wuya na biye da shi.

Sarki ya sa aka hau da mu kan ganuwa, ni da Nomau, ya tsaya a tsakaninmu. Aka busa kakaki har sai da suka ɗaga kai. Nomau ya ɗaga ɗan siririn hannunsa.

Na ga Ƙaura ya kare ido da tafi yana dubawa. Sai ya sauko daga doki, ya kife garkuwarsa ya zauna a kai. Na bayansa ya yi haka, na bayansa ma haka, abin ya bi sahu kamar ana kwantar da dawa. Sarkinsu ya yi ta zagaya su yana zagi, ba wanda ya motsa. Sauran runduna da suka ga manyansu a zaune sai suka fara ja da baya. Nan aka buɗe ƙofa, Kosau ya fita da dakaruna. Ya yi kuskure uku da na ƙirga daga sama, ya bar gefen hagu a buɗe, da ni ne da ko ɗaya bai kai gulbi ba. Duk da haka kafin azahar an kora su ruwa, Sarkin Gazargo ya tsira da doki ɗaya. Masu zama a kan garkuwa ba a taɓa su ba, haka Sarki ya yi umarni. A filin nan aka naɗa wa Kosau rawanin Jarmai ina kallo.

Da mazaunan nan suka tashi za su tafi, sai suka matso gindin ganuwa, kowa ya kama karan wuyansa ya ɗaga. Suka yi ta kiran suna ɗaya, Nomau, Nomau, har suka juya.

Sarki ya saurara har muryarsu ta ɓace. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ko dogarai ba su ji ba.

Ya ce, “Bango, na kasa kunne sosai. Ban ji naka ba.”

Na ce, “Allah ya ba ka nasara, iska ce ta ɗauke shi.”

Ya ce, “Haka na zata. Ka ga, in ba iska ba ce, sai in kira Hauni, ni kuwa ina son jin muryarka. Maganar da aka yi gaban majalisa ta zauna. Sauka a hankali, kada ka faɗi, ranka na da tsada.”

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ban ga bayan ganuwa ba. Kosau bai kai damina uku da rawanin ba aka kawo shi a kan garkuwa. Galadima, Madawaki, Sarki Mayau da sarakuna biyu a bayansa, duk ni na raka su da ido. Shekara ashirin da shida muka yi da Nomau a gida ɗaya, akushi ɗaya, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi mini ciwo da a ce kullum yana gorantawa. Ranar da ya rasu na ce to, yau dai za a buɗe mini ƙofa in je in ga gulbi. Sai majalisa ta zauna, ta ce yanzu saura ni kaɗai, aka ƙara mini dogarai biyu.

Gazargo kuwa har yau ba ta sake ƙetarowa ba. Ni dai ban ce komai ba, amma a rubuta wannan ma.